Mazari da Malam-buɗe-littafi: Shaidun Fadamarmu

Laccar da aka gabatar a Adabka, ƙaramar hukumar Bukkuyum, ga ɗalibai da malamai da manoman fadama

Iyayena dattawan gari, Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. 'Yan'uwana manoma da makiyaya, ƙannena da 'ya'yana ɗalibai, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso daga Anka da Gummi da cikin garin Bukkuyum, sannunku da hanya, Allah ya mayar da ku gida lafiya.

Na san abin da ke ran wasu daga cikinku tun da aka sanar da abin da zan yi magana a kai. A wannan ƙasa tamu da mutum ke fita gona gabansa na faɗuwa, a wannan lokaci da iyaye ba sa barci da ido biyu, sai a tara mutane a yi musu maganar ƙwari? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Abin da zan ce shi ne, fadamar da muke noma ita ce za ta ciyar da mu bayan wannan fitina ta wuce da yardar Allah, kuma ƙwarin nan biyu da zan yi magana a kansu suna daga cikin masu ba mu labarin halin da take ciki. Sannan Alƙur'ani mai girma yana da surori uku da aka sa wa sunan ƙananan halittu: ƙudan zuma, tururuwa da gizo-gizo. Wanda ya tsaya ya dubi ƙaramar halitta da idon basira bai ɓata lokacinsa ba.

Mu fara da sunayen. Bahaushen da ya raɗa wa malam-buɗe-littafi suna ya daɗe yana kallonsa. Sai ka tsuguna ka ga yadda yake sauka a kan fure, ya buɗe fukafukai a hankali, ya rufe, ya sake buɗewa, sannan za ka gane cewa mai sunan almajiri ne da ya saba ganin malaminsa na buɗe shafi. A wasu wuraren ma malam-buɗe-mana-littafi ake cewa, kamar ana roƙonsa. Mazari kuwa sunan abin kaɗi ya ara: siriri, dogo, mai kai a gefe guda, ga rawar jiki. Kakanninmu mata da suka yi kaɗin auduga su suka san kamannin. Duk wanda ya sa waɗannan sunaye ya yi irin aikin da nake kiranku gare shi, wato ya tsaya, ya yi shiru, ya duba. Abin da ya rasa kawai shi ne na'urar da za ta adana abin da ya gani, ita kuwa ga ta nan a aljihun yawancin samarin da ke zaune a nan.

Mazarin da kuke gani yana shawagi bisa kududdufi ya riga ya ci yawancin rayuwarsa kafin ya sami fiffike. A ruwa aka haife shi. Uwar takan tsoma ƙarshen jelarta a ruwa, tsulum, tsulum, mu kuma muna yara muna cewa wanka take yi, alhali ƙwai take zubawa. Abin da ke fitowa daga ƙwan ba ya kama da mazari ko kaɗan: wani ɗan ƙwaro ne mai launin laka, mai ƙafa shida, yana rarrafe a gindin ciyawa da saiwar kainuwa. Mafarauci ne na gaske. A ƙarƙashin bakinsa akwai wani leɓe mai naɗewa kamar hannu, da ƙugiya a bakinsa, idan abinci ya gifta sai ya harba shi cikin ƙiftawar ido ya fizgo. Yana cin tsutsar sauro, yana cin talibambam ƙanana, manyansu har 'ya'yan kifi suke kamawa. Wasu sukan yi makonni a haka, wasu watanni, a ƙasashe masu sanyi har shekaru.

Akwai wata safiya da ba na mantawa, a ƙarshen wata damina, a bakin wani tafki da bado ya rufe rabinsa. Na fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, sai na ga wani ɗan mazari ya hauro kan karan ciyawa, kamar taƙi ɗaya sama da ruwa, ya kama ya yi tsit. Na tsuguna. Can sai bayansa ya tsage, daidai bayan kai. Kai ya fara fitowa, sai ƙirji, sai ya yi reto kansa a ƙasa kamar wanda ya suma, ƙafafunsa na bushewa. Bayan wani lokaci ya yunƙura ya kama tsohuwar fatar da ƙafafu ya zare jelarsa. Fukafukan a lokacin kamar tsumman da aka matse suke, a duƙunƙune, masu launin madara. Ina kallo suna miƙewa, yana tura musu ruwan jiki ta jijiyoyi, har suka baje suka yi garau kamar gilashi. Sai da rana ta ɗaga sannan ya tashi, tashin farko, a karkace, ya faɗa cikin gamba. Fatar da ya bari tana nan maƙale a karan, babu komai a ciki, har wurin idanu da ƙafafu. Saɓa ce, kamar ta maciji. Ku riƙa neman ta. Mazari mai fiffike yana iya zuwa daga ko'ina, amma saɓa ba ta ƙarya: inda ka gan ta, ruwan wurin ya raini ɗa har ya girma.

Wannan shi ne ginshiƙin maganata. Tunda mazari a ruwa yake girma, duk abin da ya sami ruwan shi ma ya same shi. Wasu ire-irensa ba su da zaɓe, ko kududdufin da aka haƙa don yin tubali ya ishe su. Wasu kuwa ba sa zama sai a ruwa mai gudu, mai sanyi, da inuwar itatuwa a gefe. Idan aka sare itatuwan bakin gulbi, waɗannan su ne na farkon ɓacewa. A Afirka ta Kudu masana sun gina ma'auni sukutum a kan haka: kowane irin mazari an ba shi maki, sai a je rafi a ƙirga waɗanda ke wurin, a haɗa makin, a san lafiyar rafin. A watan Disambar 2021, ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar ɓacewa ta fitar da sakamakon bincike a kan nau'in mazari 6,016 na duniya, ta ce kashi 16 cikin 100 suna cikin haɗari, kuma babban dalili shi ne lalacewar fadamu da koguna.

Mu dawo gida. Ƙasarmu tana kwance ne a hannun gulabe biyu, Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, da ƙoramun da ke zuba cikinsu kafin su gangara jihar Kebbi su haɗu da Gulbin Sakkwato. Da damina su cika su batse, mutanen Gummi sun ga iyakar hakan a ambaliyar watan Agustan 2024, Allah ya mayar musu da alheri. Da rani su ja baya su bar mana tafkuna da damshin da muke noman albasa da tumatir da tattasai da shinkafa. A bakin waɗannan tafkuna na sha ganin abin da ke sosa mini rai: saurayi ya gama feshi, ya zo ya ɗauraye tankin feshinsa a cikin ruwan, ya wurga kwalbar maganin a ciyawa. Ba da mugunta yake yi ba, ba a taɓa gaya masa ba ne. Maganin da ya kashe tsutsar tumatir ba ya tambayar sunan ƙwaro. Yana kashe ɗan mazari, wanda yake ɗaukar makonni kafin ya girma, sauro kuwa cikin kwana goma ko ƙasa da haka ya sake cika ruwan, yanzu babu mai cinsa. Haka masu zuba guba don kama kifi suke yi mana, har ma fiye. Ba zan ce muku mazari zai kawar da zazzaɓin cizon sauro ba, gidan sauro da magani suna nan a matsayinsu. Amma a birnin Yangon na ƙasar Bama an taɓa gwada zuba 'ya'yan mazari cikin randunan ajiye ruwa na wata unguwa, kuma sauron da ke haihuwa a randunan ya ragu ƙwarai. Mai yi maka aiki kyauta bai cancanci guba ba.

Akwai kuma maganar da ba za a yi lacca a kan ruwa a wannan yanki a tsallake ta ba. A shekarar 2010 duniya ta ji sunayen ƙauyukanmu, Dareta da Abare da Bagega a Anka, 'Yargalma a Bukkuyum, saboda gubar dalma da ta fito daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ina so in faɗi wani abu ƙarara don kada a fahimce ni a baibai: ganin mazari a kan tafki ba ya nufin babu dalma a ciki. Wannan sai gwajin ɗakin bincike. Amma ga inda mazari ke shiga. Masu wankin zinare suna amfani da zaiba, ita kuwa zaiba idan ta shiga ruwa takan taru a jikin halittu, daga ƙanana zuwa manya, har ta iso cikin kifin da muke ci. A Amurka akwai shirin da ɗalibai da 'yan sa-kai ke kamo 'ya'yan mazari daga gandun dajin gwamnati sama da 100, a aika da su a auna zaibar da ke jikinsu, daga nan a san halin da ruwan yake. Ranar da jami'o'inmu na Gusau da Sakkwato za su so yin irin wannan aiki a nan, abin da za su fara buƙata shi ne yaran da suka san tafkunan, suka san wane mazari ke ina. Ina fatan waɗannan yara suna cikin zauren nan.

Yanzu bari in gabatar muku da wasu da kuka riga kuka sani da ido. Duk makiyayin da ya kai shanu mashaya ya san wani ɗan gajeren mazari, namijin baƙi da baƙin ɗamara a kowane fiffike, wanda ke tashi ƙasa-ƙasa yana bin ƙafafun shanu da na mutane. Masana suna kiran danginsa Brachythemis. Ƙananan ƙwarin da sawun dabba ke tayarwa daga ciyawa yake bi, kamar yadda balbela ke yi. Akwai ja wur, mai faffaɗar jela, da ke zama a kan kara ya kori duk namijin da ya matso. Akwai mai launin shuni-shuni da jajayen jijiyoyi a fiffike, wanda idan rana ta take yake ɗaga jelarsa sama ya saita ta da rana, don ya rage zafin da ke dukan jikinsa. Akwai kuma 'yan sirara kamar allura, masu haɗe fukafukai a baya idan sun sauka, suna bin ciyawar bakin ruwa a hankali. Su dangi ne na kusa, amma ku lura idanunsu a rabe suke, ɗaya nan ɗaya can, na babban mazari kuwa sun kusa cinye kan gaba ɗaya. A kowane idon babban mazari akwai ƙananan idanu da za su iya kai 30,000. Shi ya sa kama shi da hannu ke da wuya.

Wanda ya fi burge ni shi ne mai launin ɗorawa da kuke gani da yawa a sama idan hadari ya haɗo, ba ya sauka, yana ta shawagi bisa gonaki da filin ƙwallo, wani lokaci har ya riƙa dukan gilashin mota da jela yana zaton ruwa ne. Sunansa na ilimi Pantala flavescens. Bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa ba, amma matafiyi ne da ke bin damina duk inda ta nufa. Ɗansa na girma cikin mako biyar zuwa shida, don ya riga kududdufi ƙafewa. A shekarar 2009 wani masani mai suna Charles Anderson, da ke zaune a tsibiran Maldib, ya nuna cewa irin wannan mazari na tashi daga Indiya ya ƙetare teku zuwa gabashin Afirka, tafiyar kusan kilomita 3,500, iska na tura shi. Wani babban kuma, mai launin yashi da shuɗin tabo a gindin jela, yakan tashi daga yankinmu na Sahel da kewaye ya kai Turai, an tsince shi har a Aisilan, tsibirin da babu mazarin da ke haihuwa a cikinsa.

Labarin da na fi so in ba ku na malam-buɗe-littafi ne. A watan Oktoban 2013, wani masani ɗan Sifaniya, Gerard Talavera, yana tafiya a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, sai ya ga wasu malam-buɗe-littafi a kan yashi, a gajiye, fukafukai duk sun yage. Irin da ake kira Vanessa cardui ne, mai ruwan lemo da baƙi da fararen ɗigo, kuma ba a san shi da zama a can ba. Daga ina suka fito? Shekara goma ya yi shi da abokan aikinsa suna neman amsa. Suka duba yadda iska ta kaɗa a kwanakin, suka duba ƙwayoyin halittarsu, sannan suka kankare garin furen da ya maƙale a jikinsu suka bincika. Kun san furen da suka samu? Sabara da kurna. Sabarar nan da muke sarewa a gona muna ƙonawa, da kurnar da yara ke jifa. Waɗannan ƙwari sun sha furen Afirka ta Yamma a ƙarshen damina, suka tashi, suka ƙetare tekun Atilantika, kilomita 4,200 a cikin kwana biyar zuwa takwas, babu wurin sauka. An buga sakamakon a 2024. Tun ranar da na karanta wannan, ban sake wuce sabara mai fure ban tsaya ba. Kuma wannan irin, ku sani, shi ne ke ƙetaro Sahara daga Turai a ƙarshen daminarmu ya hayayyafa a nan, jikokinsa su koma. Idan kaka ta yi ku duba, za ku gan shi.

Malam-buɗe-littafi ba a ruwa yake girma ba, a ganye yake girma, kuma kowane iri da ganyen da tsutsarsa ke ci. Wanda ya san itace ya yi rabin sanin ƙwaron, ku kuwa manoma kun fi kowa sanin itace. Ku je gindin tumfafiya ku juya ganyen, za ku ga tsutsa mai zanen fari da baƙi da ɗorawa. Tana cin ganyen da ko akuya ba ta cika so ba, ta tara dafinsa a jikinta, ta zama wannan mai ruwan lemo da baƙin gefe da ke tafiya a hankali kamar basarake, don ya san tsuntsu ba ya cinsa. Namu na Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne, da haka ake bambanta shi da na wasu ƙasashe. Akwai ma wani iri dabam wanda macensa ta ari kamannin wannan, ba ta da dafi ko kaɗan, amma tsuntsaye na ƙyale ta. Namijinta kuwa baƙi ne da manyan fararen tabo, sai ka rantse ba dangi ba ne. Tafasa da rai-ɗore su ke ciyar da farin nan mai saurin tashi da ke wucewa garke-garke. Anza ke ciyar da fari mai baƙaƙen jijiyoyi. Lemun tsamin da ke tsakar gida shi ke rainon babban nan baƙi mai ɗigon ɗorawa, wanda tsutsarsa tana ƙarama take kama da kashin tsuntsu. Da magariba kuma, a gefen shinkafa, akwai mai launin busasshen ganye da ke tashi daga ƙasa ya sake faɗawa, ka neme shi ka rasa.

To me ke kawo su fadama? Gishiri. Ku je mashaya da hantsi, inda shanu suka yi fitsari a kan jiƙaƙƙen yashi, za ku tarar da su sun yi cincirindo, farare da masu ruwan ɗorawa, fukafukai a tsaye kamar an kafa takardu. Yawancinsu maza ne, suna tsotsar gishirin da ruwan fure ba ya ba su. Babu wurin da ya fi wannan sauƙin ɗaukar hoto, don hankalinsu na kan sha.

Wani ɗan ƙasar Denmak, Torben Larsen, ya wallafa littafi mai juzu'i biyu a 2005 a kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma, ya kawo nau'i kusan 1,500, kuma Nijeriya kaɗai tana da sama da 1,000, mafi yawansu a dazuzzukan kudu irin na Kuros Riba. A ɓangaren mazari, wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Robert Gambles, da ya yi aiki a Vom kusa da Jos, ya yi shekaru yana tattara na ƙasar nan. A 2015 kuma Klaas-Douwe Dijkstra na ƙasar Holan da abokan aikinsa biyu suka bayyana sababbin nau'in mazarin Afirka 60 a lokaci ɗaya, waɗanda ilimin zamani bai taɓa ba su suna ba. Kun ga ke nan littafin bai cika ba. Akwai manhaja mai suna iNaturalist, inda kowa ke iya sa hoton halitta da wuri da rana, masana daga ko'ina su taimaka a gano sunanta. Ku buɗe taswirar Nijeriya a ciki. Ɗigo sun taru a Legas da Ibadan da Abuja da Jos. Ku matso da yatsa zuwa yammacin Zamfara, sai ku ga fili. Wannan fili ba ya nufin babu halitta, yana nufin babu mai rubutawa. Fadamar Haɗeja da Nguru ta shiga jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, kuma ta shiga ne saboda an yi shekaru ana ƙirga tsuntsayenta ana rubutawa. Baƙo ba zai zo ya ƙirga mana namu ba a halin da hanyoyinmu ke ciki. Mu ne a nan.

Ga yadda ake yi, kuma ƙannena, ku saurara da kyau, don wayar da ke hannunku ta isa. Sammako shi ne sirrin. Ƙwarin nan jikinsu ba ya ɗumi sai rana ta taɓa su, saboda haka da sanyin safiya za ka same su maƙale a ciyawa, raɓa a fukafukai, ba sa iya tashi. A lokacin kana iya kai waya kusa da su kamar tsawon yatsa. Ka fara goge idon kyamarar da gefen riga, musamman da hunturu, don ƙura ita ke sa hoto ya yi hazo. Ka sa tufa mai duhu-duhu, farar riga tana korarsu. Ka matso a tsugune, kai tsaye, ba ta gefe ba, a hankali kamar mai kama fara. Rana ta kasance a bayanka, amma ka kula da inuwarka: da ta faɗa kansa, ya tafi. Ka ɗauki hoto tun daga nesa, ka ƙara taku ɗaya ka sake ɗauka, don ko ya tashi kana da wani abu a hannu. Ka taɓa fuskar wayar daidai kan idonsa don hoton ya fito a nan, ka dafa gwiwar hannu a kan gwiwarka, ka riƙe numfashi, ka danna sau da yawa. Kada ka ja hoton da yatsa har ƙarshe, yana farfashewa. Ƙafarka ta yi maka wannan aikin.

Idan mazari ya tashi, kada ka bi shi. Wannan shi ne kuskuren kowane sabon shiga. Yawancinsu suna da karan da suka zaɓa, su tashi su cafke ƙwaro su dawo daidai wurin. Ka saita wayarka a kan karan ka jira. Ka ma iya kafa naka karan a bakin ruwa inda haske ya yi maka, sau da yawa zai karɓa. Ga mazari ana son hoto ta sama da ta gefe. Ga malam-buɗe-littafi ana son littafin a buɗe da kuma a rufe, don sau da yawa zanen ƙasan fiffike ne ke raba iri da iri. Akwai manya masu ƙarfin tashi da ba sa zuwa fure, su sai ka ajiye musu ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba a inuwa.

Hoto mai kyau abin sha'awa ne, amma hoton da ba shi da rana da wuri ado ne kawai. Ka sami ɗan littafi. Ka rubuta kwanan wata, sunan tafkin kamar yadda mutanen gari ke kiransa, ko ruwan na gudu ko a tsaye yake, me ke tsiro a ciki, an yi feshi kusa ko ba a yi ba. Ka tambayi tsofaffi sunan da suke kiran kowane iri da shi a bakinmu na Zamfara ka rubuta, don waɗannan sunaye su ma suna ɓacewa. Tafki ɗaya da ka riƙa ziyarta duk mako har shekara ya fi tafki ashirin da ka leƙa sau ɗaya. 'Yan mata, wannan aiki naku ne ku ma: lemun tsakar gida, zogale mai fure, tumfafiyar bayan katanga da bakin rijiya sun isa su cika littafi. Malaman makaranta, aji ɗaya ya ɗauki kududdufi ɗaya.

Sai gargaɗi, kuma iyayena ku taya ni jaddada shi. Babu hoton da ya kai ran mutum. Kada kowa ya yi nisa da gari, kada ya fita shi kaɗai, kada ya je inda manya suka ce kada a je. Kada a ɗauki hoton mutane, ko na jami'an tsaro, ko na mata a bakin rafi. Idan kana ganin bayyana ainihin wurin zai jawo matsala, manhajar tana da hanyar ɓoye shi. Kada ku shiga ruwan da ke tsaye, tsargiya na nan, kuma ta fata take shiga. Ku sa takalmi rufaffe, ku riƙe sanda ku riƙa kaɗa ciyawa, don kububuwa da kasa su ma suna son gefen fadama. Kuma kada ku kama, kada ku cire fiffike, kada ku ɗaura zare a jela kamar yadda yara ke yi. Garin da ke manne maka a yatsa idan ka riƙe malam-buɗe-littafi, shi ne launinsa, ƙananan ɓawo ne jere kamar rufin kwano, kuma ba ya sake tsirowa.

Gobe idan Allah ya kai mu, da izinin iyayen gari, bayan sallar asuba zan tsaya a bakin kududdufin da ya fi kusa da gari. Mai waya ya yi cajinta yau da dare, marar waya ya zo da littafi da biro, za mu haɗa ku biyu-biyu. Saɓa za mu fara nema a jikin karan ciyawa, kafin rana ta ɗaga.